Yadda na cire kuɗin injin ɗumama ɗaki daga harajin kamfanina a Ingila

Tukunyar gas ɗinmu ta fara tari ne a hunturun 2022. Duk wanda ya taɓa zama a ginin da ake ɗumamawa da ruwan zafi ya san tarin da nake nufi: ka kunna ta da asuba, ta yi ƙugi kamar tsohuwar Besfa, ta kama, bayan minti ashirin ta mutu. Ni kuwa ba gidan kwana nake magana ba. Gidan renon yara nake da shi a gefen Manchesta, yara talatin da 'yan kai, ƙaraminsu bai yi shekara ba, kuma tun bakwai da rabi iyaye ke fara ajiye su su wuce aiki. In ɗaki ya yi sanyi, da wane baki za ka ba uwar ɗan wata tara haƙuri? Shekarar ce kuma kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi bayan Rasha ta afka wa Yukiren, har gwamnati ta kawo wa 'yan kasuwa ɗauki daga Oktoban 2022 zuwa Maris ɗin 2023. Muka lallaɓa tukunyar ta fitar da mu wannan hunturun da kyar. Mai gyara ya ce kada in kuskura in sake dogara da ita.

Niyyata ta farko in sayi wata tukunyar gas in huta. Abin da ya karkato da ni shi ne sanarwar Firaminista Rishi Sunak a watan Satumban 2023, cewa tallafin da ake ba wanda ya cire tukunyar gas ya sa injin zuƙo zafi zai tashi zuwa fam 7,500. Kafin nan fam 5,000 ne ga injin da ke zuƙa daga iska, 6,000 ga mai zuƙa daga ƙasa. Ƙarin ya fara aiki ranar 23 ga Oktoba. Sunan shirin Boiler Upgrade Scheme, na Ingila da Wales ne, kuma hukumar Ofgem ke riƙe da shi. Na daɗe ina zaton na gidajen kwana ne kaɗai, ashe ƙananan wuraren sana'a ma suna ciki, muddin ƙarfin injin bai wuce kilowat 45 ba.

Ga wanda bai taɓa ganin injin ba: ka taɓa kai hannu bayan firiji ka ji ɗumi? To aikin ke nan, an juya shi. Akwati ne da fanka a ciki, ana girke shi a waje, yana tatsar ɗan ɗumin da ke cikin iska, ko da iskar Janairu ce, ya matse shi ya zuba cikin ruwan da ke zagaya bututun gini. Lantarki yake ci, amma in ya ci mudu ɗaya yakan ba da ɗumi kamar mudu uku. Ruwansa bai kai na gas zafi ba, shi ya sa sau da yawa sai an canja lagireton bango an sa manya. Ni da lagireton mota kaɗai na sani a Zariya, sai da na zo ƙasar nan na tarar da shi a ɗakin kwana.

Kamfanin da na kira suka turo wani saurayi mai zaƙin baki. Ya auna ɗakuna, ya leƙa rufi, ya ƙirga tagogi, bayan kwana huɗu ya dawo da takardar farashi: fam 30,000, ban da harajin VAT. Da ya ga na yi shiru sai ya gyara zama. Ya ce gwamnati za ta biya 7,500, sauran kuma in cire shi gaba ɗaya a haraji, domin akwai sabon tsarin da ke ba kamfanoni damar cire kuɗin inji ɗari bisa ɗari, balle kuma wannan kayan kare muhalli ne, gwamnati na so. Ya ƙara da cewa in na sa fam 6,000 za su haɗa har da sashen saman bene, inda muke da ɗan haya, duk a cire tare. In kuma kuɗin sun yi mini yawa, akwai tsarin da za su girka injin ya zama nasu, ni ina biyan haya wata-wata.

Ranar na koma gida da lissafi a bayan ambulan, kuma lissafin ya nuna mini kusan kyauta zan samu injin. Maigida ya karɓa ya duba, ya miƙo mini.

"Hajiya, kai wa Baba Alhaji ya gani kafin ki sa hannu."

Baba Alhaji shi ne akantanmu tun ranar da muka yi wa kamfanin rajista. Abokin kawuna ne, ya yi shekaru yana riƙe da littattafan wata masaƙa a Kaduna kafin masaƙun su durƙushe ya yo nan. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman wani shago, da butar shayi da wata tsohuwar kalkuleta mai manyan maɓallai wadda ya ƙi rabuwa da ita. Na gaishe shi, ya tambayi yara da kawu, sannan na ajiye masa takardar farashin da ambulan ɗina. Ambulan ɗin ya fara ɗauka. Ya daɗe yana kallonsa.

"'Yata, wa ya ce miki abin da aka cire a haraji mayar wa mutum ake yi?"

Na ce, "Baba, ai haka yaron ya ce, ku duba."

Ya ce yaron inji yake sayarwa. Cirewar da ake magana daga riba ake yinta, kafin a lissafa haraji. In ribarki fam ɗari ce aka yarda ki cire talatin, harajin saba'in za ki biya. Abin da ya rage a aljihunki shi ne harajin talatin ɗin nan, wato wajen rubu'insa. Sauran kashi ukun ke kika biya su, kuma kin biya ke nan. Nan take rabin murnata ta koma ciki.

Daga nan ya ɗauko farar takarda ya fara daga tushe, irin yadda malamin zaure ke yi in ya ga ɗalibi ya zo da karatun da ya tsinta a hanya. Ya ce a littafin kamfani, in an sayi kaya mai daɗewa, ana rage darajarsa kaɗan-kaɗan kowace shekara, domin kaya na tsufa. Injin fam 30,000 da ake sa ran zai yi shekara 15, a rubuta ya ci fam 2,000 duk shekara. Wannan lissafin na akanta ne, hukumar haraji ta HMRC ba ta karɓarsa. Ranar lissafin haraji sai a mayar da shi cikin riba kamar ba a taɓa cire shi ba, sannan a ɗauko nata ma'aunin, wanda ke cikin dokar rangwamen kayan jari ta 2001. Ya ce a Najeriya ma haka yake, gado ne daga Turawan, a masaƙa ma haka suke yi duk ƙarshen shekara.

Ma'aunin hukumar rumbu biyu ne. Akwai babban rumbu, inda ake zuba kujeru da kwamfutoci da injunan sana'a, a lokacin ana cire kashi 18 cikin 100 na abin da ya rage duk shekara. Akwai kuma rumbu na musamman, na kayan da suka zama jikin gini: wayoyin lantarki da fitilu, bututun ruwan sanyi, lif, na'urorin sanyaya ɗaki, da duk wani tsarin ɗumama ɗaki ko ruwa. Wannan kashi 6 cikin 100 ne kacal tun Afrilun 2019, kafin nan 8 ne. Injina a nan ya faɗa.

Na ce, "Amma Baba, wannan fa ba gas yake ƙonawa ba. Ba a duba wannan?"

Ya yi dariya har ya ajiye biro. Ya ce wannan ita ce maganar da kowa ke zuwa masa da ita. Dokar ba ta tambaya ko da me ake ɗumama ruwan. Tukunyar gas, tukunyar da ke cin ɓawon katako, injin zuƙo zafi daga iska ko daga ƙasa, duk tsarin ɗumama gini ne, rumbu ɗaya. Faranti mai ɗaukar hasken rana ma tun Afrilun 2012 aka tura shi can. Da can akwai gata na musamman: in inji yana cikin jerin kayan tsimin makamashi na gwamnati, ana cire kuɗinsa gaba ɗaya a shekarar farko. An rufe wannan ƙofar a Afrilun 2020. Akwai kuma shirin RHI na wuraren sana'a, wanda aka buɗe a 2011, ana biyan mutum kuɗi shekara 20 gwargwadon ɗumin da injinsa ya samar. Shi ma an daina karɓar sabbi ranar 31 ga Maris 2021. Ya ce masu sayar da inji da yawa har yau da tsohon karatun nan suke yawo, sun haɗa shi da sabo sun dama.

Sabon kuwa shi ne wanda saurayin ya ambata. Daga 1 ga Afrilun 2023 kamfani na iya cire kuɗin sabon inji ɗari bisa ɗari a shekarar da ya saya, kuma a watan Nuwamban 2023 Ministan Kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, ya mayar da tsarin na dindindin. Sai dai ɗari bisa ɗarin na babban rumbu ne. Kayan rumbu na musamman rabi ake ba su a shekarar farko, ragowar rabin ya koma layin kashi 6. Baba Alhaji ya danna kalkuletarsa ya juyo mini da ita: a kan kashi 6, bayan shekara goma cur, fiye da rabin kuɗin yana nan ba a cire ba. Na ce ashe sai jikokina su ƙarasa.

Ya bar ni na ɗan dahu tukuna, sannan ya ce akwai wata ƙofar, tsohuwa ce, ba ta da talla shi ya sa yaron bai san ta ba. Ita ce alawus ɗin zuba jari na shekara-shekara, wanda akantoci ke kira AIA. Kowace sana'a, kamfani ce ko ta mutum ɗaya, tana da damar cire har fam miliyan ɗaya a shekara gaba ɗaya, kuma wannan bai ware rumbu na musamman ba. Tun Janairun 2019 yake a miliyan ɗaya, kafin nan 200,000 ne. Wato dai maganar saurayin ta ɗari bisa ɗari ta fito daidai, amma ta hanyar da shi bai sani ba, kuma da tukunyar gas na saya ma haka zan samu. Wannan ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Na zo da tunanin ana saka mini ne don na yi abin kirki, sai na tarar layi ɗaya muke da kowa.

Abin da ya ci mana sauran yammacin shi ne tantance nawa ne ainihin kuɗin da za a cire, kuma a nan na ga amfanin tsufa a sana'a.

Ya fara da tallafin. Fam 7,500 ɗin nan ba daga aljihuna suka fito ba, don haka ba zan nemi rangwame a kansu ba. Doka ta ce abin da gwamnati ta biya maka, ba kai ka kashe ba. A ambulan ɗina na ci su sau biyu.

Sai sashen sama. Kamfanin ne ya mallaki ginin duka, ƙasa yara, sama ɗan haya da iyalinsa. Baba Alhaji ya ce kayan da mai ba da haya ya sa a cikin gidan kwana ba su samun wannan rangwamen ko kaɗan. In na haɗa sama da ƙasa a inji ɗaya, sai mun zauna mun raba kuɗin bisa adalci, mun kuma shirya kare rabon in an tambaya. Ya tambaye ni ko tukunyar saman na da matsala. Na ce lafiyarta ƙalau, tata daban ce. Ya ce to me ya kai ki? Fam 6,000 suka fita daga lissafi a minti ɗaya. Maganar hayar inji wata-wata ma ya ture ta gefe: wanda ya mallaki inji shi ke neman rangwamen jari, mai haya kuɗin hayar kawai yake cirewa. Ni dama ba na son abin da zai kai ni ga bashin ruwa. Muka tsayar cewa kamfanin zai biya daga ajiyarsa, maigida ya ranta masa cikon, a rubuta a littafi.

VAT kuwa ta zo mini ta inda ban zata ba. Na ji ana cewa an cire VAT a kan irin waɗannan injunan tun Afrilun 2022. Gaskiya ne, amma ga gidajen kwana. Wurin sana'a kashi 20 cikin 100 zai biya. Mai shago ko mai gidan abinci da ke da rajistar VAT zai karɓo abinsa daga baya. Mu masu renon yara da ke ƙarƙashin Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da gidajen reno, ba ma sa wa iyaye VAT, saboda haka ba mu da hanyar karɓo wadda muka biya. Fam 30,000 ta zama 36,000 ke nan. Ɗan sauƙin da ke ciki shi ne, tunda ba za ta dawo ba, ta zama cikin kuɗin injin, ana neman rangwame da ita.

Kafin in tashi ya ce abu biyu zan riƙe. Na ɗaya, kada in karɓi takardar biya mai layi ɗaya. Na biyu, shekarar kamfaninmu 31 ga Maris take ƙarewa, kuma yana so aikin ya faɗa cikin wannan shekarar. Na tambayi dalili. Ya ce tun Afrilun 2023 harajin kamfani hawa-hawa ne: ribar da ba ta wuce fam 50,000 ba kashi 19, wadda ta haura 250,000 kashi 25, tsakaninsu kuma akwai wani lissafi da ke sa kowace fam da ke cikin wannan tazarar ta ɗauki kashi 26 da rabi. Ribarmu ta bana tana cikin tazarar. Ta baɗi kuwa ba tabbas, domin mafi ƙarancin albashi zai tashi daga fam 10.42 zuwa 11.44 a awa daga Afrilun 2024, kuma albashi shi ne babban abin da ke cin kuɗin gidan reno. In riba ta sauko ƙasa da 50,000, rangwamen da zai ba ni kashi 26 da rabi bana, kashi 19 zai ba ni baɗi, ga jiran shekara guda a kai. Ya kuma tambaya ko ina da wani kamfanin, domin da biyu ne a hannuna, da an raba waɗannan iyakokin biyu. Na ce wannan ɗaya ma ya ishe ni.

A watan Nuwamba ke nan. Na ga wata biyar a gabana, na ce ai da sauran lokaci.

Neman izinin majalisar gari ya ci wata biyu da 'yan kwanaki, domin ginin sana'a ba kamar gidan kwana ba ne, sai an duba inda za a girke akwatin da ƙarar da zai yi wa maƙwabta. Takardar EPC, wadda ke nuna yadda gini ke riƙe ɗumi, sai da aka sabunta ta. A lokacin sharaɗi ne kada ta nuna akwai rufi ko bangon da ke jiran a cusa masa abin tare sanyi, sharaɗin da aka soke a watan Mayun 2024, bayan na riga na gama. Namu ɗakin jarirai ne, wanda ƙari ne da aka yi ta baya, ba bene a kansa, rufinsa fayau. Aka sa shi cikin aikin. Tallafin kuwa ba ni ke nema ba, mai girkawa ne, kuma dole ya kasance mai shaidar MCS, wato shaidar amincewa da ake ba masu girka irin waɗannan injuna. Ni dai imel ya zo mini daga Ofgem in tabbatar da yardata, na tabbatar, aka ba da takardar tallafin mai wa'adin wata uku. Na biya kafin alƙalami a Fabrairu.

Aikin sai Asabar da Lahadi, tunda ranakun mako yara na nan. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, ya same ni ina jan kujerun yara daga wannan ɗaki zuwa wancan, ina share ƙurar bango kafin Litinin. Mako na biyu suka cire tsohuwar tukunya, muka koma kan hitocin lantarki da na aro, kowanne an kewaye shi kada yaro ya taɓa. Mako na uku ya kamata a tayar da injin. Sai mai aikin ya kira ni ranar Juma'a ya ce tankin ruwan zafin da aka kawo ba shi ba ne, na daidai sai wani makon, wataƙila ma bayan hutun Ista.

Na buɗe kalanda. Ista ta faɗo ranar Lahadi 31 ga Maris, ranar da shekararmu ke rufewa. Juma'ar da ke gabanta hutu ce. Ranar aiki ta ƙarshe ita ce Alhamis 28 ga wata.

Na kira Baba Alhaji bayan an sha ruwa, na ce ko in tura musu sauran kuɗin yanzu kawai a wuce wurin. Ya ce in karanto masa abin da yarjejeniyar ta ce game da biyan ƙarshe. Na karanta: ana bin sauran kuɗin ne bayan an tayar da injin an gwada shi, a biya cikin kwana 14.

"To kin ji. Ba ranar da kuɗi suka fita ake dubawa ba, ranar da biyan ya wajaba a kanki ba tare da wani sharaɗi ba ake dubawa. In an tayar da shi ranar 28, ko a Afrilu kika biya, na bana ne. In ba a tayar ba, tura kuɗin da wuri ba zai hana a yi miki tambaya ba, kuma kin saki igiyar da kike riƙe da su."

Ya ce togaciya guda ita ce in an ba mutum wa'adin biya da ya wuce wata huɗu, nan ne ake komawa ranar biyan. Namu kwana 14 ne, ba ruwanmu da wannan.

Ban taɓa matsa wa ɗan kasuwa irin yadda na matsa wa mutumin nan ba. Kullum da safe kira, da rana saƙo. Na ce masa in tankin na wani gari ne ni zan tuƙa in ɗauko. Ko kunya ce ta kama shi ko gajiya da muryata, tankin ya iso ranar Talata. Laraba da yamma bayan an kwashe yara suka haɗa shi, Alhamis da hantsi aka tayar. Ina tsaye a ɗakin jarirai da hannuna a kan sabon lagireto, ina jiran zafin da na saba ji, shiru. Can sai na ji wani ɗumi-ɗumi kamar na kofin shayin da aka manta. Na ce wa injiniyan bai yi ba. Ya ce haka yake, ba ya ƙuna, a bar shi yana aiki a hankali duk yini. Ya sa hannu a takardar gwaji, ya rubuta 28 ga Maris 2024. Na ɗauki hotonta tun kafin tawadar ta bushe na tura wa Baba Alhaji. Amsarsa kalma ɗaya ce: Madalla.

Tsugune ba ta ƙare ba. Takardar biyan da suka aiko layi ɗaya ce tak, kamar yadda aka gargaɗe ni: kawowa da girka tsarin ɗumama gini, fam 36,000, a cire tallafi, saura 28,500. Sai da na yi imel uku, na huɗun na ce ba zan saki sauran kuɗin ba sai an warware mini ita, sannan ta zo dalla-dalla. Inji da tanki da dandamalin da aka girke shi, 17,000. Lagireto da bututu, har da fasa bango da aka yi don su wuce, 8,000. Gyaran lantarki, 2,500. Abin tare sanyi na rufin ɗakin jarirai, 1,500. Shingen katako da aka kewaye injin da shi a filin wasa, 1,000. Kowanne da VAT ɗinsa a gefe.

Baba Alhaji ya bi su da biro ɗaya bayan ɗaya. Fasa bango ya shiga, domin gyaran gini da aka yi takanas don girka inji ana lissafa shi da injin. Lantarki ya shiga. Abin tare sanyi ya shiga, doka ta ambace shi da kansa ga ginin da ake sana'a a ciki. Da ya zo kan shinge sai ya tsaya. Na ce ai don kada yara su sa yatsa a fanka aka yi shi. Ya ce ya sani, kuma mai son gardama zai iya yi, amma a idon hukuma shinge gini ne. Akwai rangwamen gine-gine na kashi 3 cikin 100 a shekara. A kan fam 1,200 ya kama fam 36 duk shekara har shekara 33 da 'yan watanni, abin da zai rage mini a haraji bai kai fam goma ba, kuma sai an buɗe masa takarda tasa. Ya dube ni ta saman tabarau. Na ce a bar shingen.

Abin da ya rage fam 27,300. Ribar da za a yi wa haraji a shekarar, bayan an mayar da tsufan kayan da aka cire a littafi, ta kama 78,000. Da aka cire 27,300 ta dawo 50,700. Harajin da zai kasance fam 16,920 ya koma 9,685 da rabi. Bambancin fam 7,234 da rabi. Da ta hanyar rabin nan muka bi, 13,650 za a cire a shekarar farko. Da ba mu nemi komai ba sai kashi 6, fam 1,638 ne. Rangwamen kuma ba ya zuwa da kansa, sai an rubuta shi a takardar harajin kamfani, CT600, a gurbinsa. Wanda bai nema ba, ba mai bin sa da shi.

Wato injin da ambulan ɗina ya ce kusan kyauta ne, ya tsaya wa kamfanin a kan fam 21,000 da 'yan kai. Ko sauƙin ma ban gan shi a hannu ba sai ranar 1 ga Janairun 2025, wata tara da kwana ɗaya bayan rufe shekara, ranar da harajin ya wajaba, na tura abin da bai kai yadda na saba ba. Kuɗin wuta kuwa, in an haɗa da na gas da muka daina biya, kusan kunnen doki ne, domin lantarki a ƙasar nan ya ninka gas tsada sau da yawa. Abin da na samu a fili shi ne ɗakuna masu ɗumi ɗaya daga safe har yamma, da lagireton da yaro zai jingina da shi ban tashi da gudu ba.

Ranar da na je sa hannu a takardun, Baba Alhaji ya miƙo mini koren fayil: yarjejeniya, takardar biya mai layi biyar, takardar gwaji mai kwanan wata, imel ɗin Ofgem, shaidar MCS. Ya ce in ajiye shi aƙalla shekara shida. A bangon fayil ɗin ya manna wata 'yar takarda da rubutun hannunsa. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce ta ranar da zan sayar da ginin ce, ko yana nan ko ba ya nan. Injin ya zama jikin gini, zai bi shi wurin mai saye, kuma tunda na cire kuɗinsa duka, duk darajar da aka ɗora masa a cinikin za a iya dawo da ita cikin ribata a yi mata haraji. Maganinsa shi ne ni da mai saye mu sa hannu a takardar sashe na 198 na dokar nan ta 2001 cikin shekara biyu da cinikin, mu tsayar da darajar kayan, ko da fam ɗaya ce in ya yarda.

"Ki nuna wa lauyanki wannan tun kafin a yi maganar farashi."

Na ce, "Baba, ni da nake fama da tankin ruwa, wa ya kai ni sayar da gini?"

Ya ce in dai sa shi a durowar da ba ta yoyo.